Daga Gidan Mambayya Zuwa Akwatin Zaitawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in yi magana a kan ƙoƙarin da jami'o'i ke yi na koya wa ɗalibai dimokuraɗiyya. Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin ga shi nan a Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983. A shekarar 2000 Jami'ar Bayero ta buɗe cibiyar bincike da horaswa kan dimokuraɗiyya a wannan gida, wato Gidan Mambayya, inda ake laccoci da tarukan ƙara wa juna sani, da taron tunawa da Malam.

Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci wannan cibiya kafin ya zama shugaban jami'ar a 2005, sannan ya riƙe Hukumar Zaɓe ta Ƙasa daga 2010 zuwa 2015. A zamaninsa aka dogara da matasa masu yi wa ƙasa hidima wajen kula da rumfunan zaɓe, aka kuma ɗora wa malaman jami'a tattara sakamako da bayyana shi. Ke nan yaron da ya bar aji bara, shi ne mai ƙirga ƙuri'armu bana.

Doka ma ta buɗe wa matasa ƙofa. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Amma duk da haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. To, ina gizo ke saƙar?

A ganina, a gidajenmu yake. Da yawanmu, ranar da za mu kai yaro jami'a, gargaɗinmu na farko shi ne kada ya kuskura ya shiga harkar ƙungiyar ɗalibai. Tsoron yana da dalili, ganin ɗaliban da aka kashe a Jami'ar Ahmadu Bello a 1978 da 1986. Sai dai a zaɓen ƙungiyar ɗalibai ne yaro ke koyon neman ƙuri'a da hujja, da karɓar kaye ba tare da faɗa ba, da tambayar ma'aji inda kuɗi suka shiga. Idan muka hana mai ilimi wannan makaranta, mun bar fili ga 'yan jagaliya.

Don haka nake roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, duk mai ɗa ko 'ya da suka cika shekara 18, ya tabbatar sun yanki katin zaɓe. Na biyu, a lokacin hutu mu tara ɗalibanmu na jami'a 'yan Zaitawa, su zauna da iyaye mata da matasan unguwa, su bayyana musu aikin kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, da abin da mai sayar da ƙuri'arsa ke asara na tsawon shekaru.

Malamanmu, kada mu manta Malam Aminu malamin makaranta ne a Bauchi kafin a kafa NEPU a 1950. Da alli ya fara, kamar ku.