Gizo-gizon Da Ke Sauya Kaya: Shuɗi Yana Ƙarami, Ja Da Kore In Ya Girma

Yau maganar tarantula za mu yi, manyan gizo-gizon nan masu gashi da wasu ke kiwo a gida cikin akwatin gilashi. Na san wani ya riga ya ce a'uzubillahi. To ka daure ka saurara.

Akwai wani nau'i da ake kira Caribena versicolor, asalinsa tsibirin Martinik ne a yankin Karebiyan. Yana ƙarami shuɗi ne shar, da zanen baƙi a bayan cikinsa. Shuɗin nan ne ke sa mutane su saye shi. Amma fa ba ya zama. In ya girma, gadon bayansa kore yake komawa, cikin ya yi ja, gashin ƙafafun ya ɗauki ruwan hoda da shunayya. Wanda bai sani ba sai ya rantse musanya masa aka yi.

Wani kuma daga Benezuwela akasin haka yake: yana ƙarami ƙafafunsa ruwan hoda-hoda, sai ya girma suke rikiɗa su koma shuɗi.

Me ke kawo haka? Saɓa. Gizo-gizo ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya girma. Dole ya tuɓe shi kamar yadda maciji ke yi, launin kuwa a jikin ɓawon da gashinsa yake. Kowace saɓa sabon kaya kenan. Ƙanana kan yi ta sau da dama a shekara, manya kusan sau ɗaya. Kuma abin da ya fi burge ni, shuɗin nan ba rini ba ne. Tsarin gashin ne ke karya haske, irin ƙyallin da kuke gani a wuyan tattabara. Shi ya sa hoton da aka ɗauka da fitila yake fin abin da ido ke gani a ɗaki kyau.

To ga inda ake asara. In saɓa ta matso, zai daina cin abinci, launinsa ya dusashe. Rannan sai ka tarar da shi kwance a rigingine, ƙafafu sama. Kada ka taɓa shi, kada ka juya shi, balle ka ce ya mutu ka zubar. Aiki yake yi, kuma yana iya ɗaukar sa'o'i. Wanda ya mutu yawanci naɗe ƙafafunsa yake yi a ƙarƙashin jikinsa.

In akwai gyare mai rai a cikin akwatin, cire shi. Ɗan gyaren nan da ka sa masa a matsayin abinci yana iya cizonsa har ya kashe shi, don a lokacin jikinsa laushi ne tuɓus. Ruwa kawai za ka ajiye masa. Fiƙoƙinsa farare suke fitowa, su yi ja, sannan su koma baƙi. Sai sun yi baƙi za ka ba shi abinci, ƙarami wajen mako guda, babba ya fi haka.

Kwanakin nan na bayan saɓa su ne lokacin da launinsa ya fi kyau, in hoto kake so. Sai mun haɗu a shiri na gaba.