Jawabi Ga Masu Babura: Ƙarfin Bol Ɗin Mataki Yana Rubuce A Kansa

Wannan jawabi ne da aka shirya domin masu babura da makanikai na ƙasar Gwiwa da maƙwabtanta, wato Roni da Kazaure. Ga shi kamar yadda yake:



A ƙasar Gwiwa babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai buhun gero kasuwa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Yawancin hanyoyin ƙauyuka kuwa na burji ne da yashi da ramuka. Kullum babur yana cikin jijjiga, jijjiga kuma ita ce ke kwance noti.

Maganar yau a kan matakin ƙafa ne, da ƙarfen da ke riƙe shi. Mutane kan kira shi duka noti. Amma abu biyu ne. Akwai bol, wato dogon mai kai da tiredi. Akwai kuma noti, wato zoben da ake ɗaurawa a kansa.

Me Ya Sa Mataki Ke Da Muhimmanci?

A kan mataki direba ke dogara duk lokacin da babur ya faɗa rami. A gefen dama, birkin ƙafa yana kusa da shi. A gefen hagu, ƙarfen giya yana nan. Idan mataki ya karye ana cikin gudu, ƙafa za ta bugi ƙasa. Direba ba zai sami taka birki ba. Daga nan sai faɗuwa, sai karayar ƙafa, sai zaman jinya ga mai ciyar da gida. A ƙananan babura da yawa, bol huɗu ne kawai ke riƙe ƙarfen mataki a ƙarƙashin inji. Wani lokaci ma ƙarfen jingine babur a jikinsa yake.

Lambar Da Ke Kan Bol

Bol biyu suna iya zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya, amma ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Ido ba ya gane wannan. Saboda haka masana'antu ke buga lamba a kan bol. Ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, wadda aka kafa a 1947, ita ce ta tsara waɗannan lambobi. Duk ƙasar da aka ƙera bol, ma'anarsu ɗaya ce.

Mai babur ya goge kan bol da tsumma, ya duba. Zai ga 4.6 ko 4.8 ko 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Lambar farko tana nuna nauyin da zai tsinka bol. Ta biyu tana nuna lokacin da zai fara miƙewa ya lalace. A bol mai 8.8, idan nauyi ya kai kashi 8 cikin 10 na abin da zai tsinka shi, to ya fara miƙewa.

Ga misali da bol mai kaurin milimita 8, wanda aka fi samu a mataki. A ɗauka an rataya masa buhunan gero masu kilo 100:

Mai 4.6 zai tsinke a wajen buhu 15.
Mai 8.8 zai tsinke a wajen buhu 30.
Mai 10.9 zai tsinke a wajen buhu 39.
Mai 12.9 zai tsinke a wajen buhu 45.

Wani zai ce, ai babu wanda ya kai nauyin buhu 15, me ya sa za a damu? Amsa ita ce, wannan lissafi na kayan da aka rataya ne ba motsi. A kan hanya ba haka ba ne. Mataki dogo ne, yana banƙarar bol kamar yadda ake banƙare dutse da sanda. Kuma kowane rami bugu ne. Wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya, a ƙarshe karyewa take yi ko da hannun yaro ne. Haka bol mara ƙarfi yake gajiya ya karye.

Waɗansu Alamomin

A babura ƙirar Japan irin su Honda da Yamaha da Suzuki, akan ga lamba guda, kamar 4 ko 7. Mai 4 na ƙaramin aiki ne. Mai 7 ya kusa kai mai 8.8.

Bol na Amurka layuka yake da su a ka. Layi uku daidai yake da 8.8, layi shida kuma daidai da 10.9. Amma awonsa na inci ne, tiredinsa ba ya shiga ramin baburan da ake hawa a nan. Idan aka tilasta shi, zai cinye ramin.

Akwai kuma farin bol mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa, mai alamar A2-70. Yana da kyan gani, amma yana fara miƙewa tun kafin mai 8.8. Kyau daban, ƙarfi daban.

Bol da babu komai a kansa, a ɗauke shi mara ƙarfi. Ya dace da ƙofa ko gadon ƙarfe, ban da mataki.

Wanne Za A Saya?

Ƙa'ida ta farko ita ce a mayar da irin wanda kamfani ya sa, ko wanda ya ɗara shi da hawa ɗaya. Ga mataki, kada a yi ƙasa da 8.8. Mai ɗaukar kaya masu nauyi a mugunyar hanya yana iya sa 10.9.

To, me zai hana a sa 12.9, tunda ya fi duka? Dalili shi ne ya cika tauri. Bol mai 8.8 yakan lanƙwashe tukuna, mai babur ya ga mataki ya karkace, ya gyara. Mai 12.9 kuwa yana iya ɓallewa farat ɗaya, musamman idan tsatsa ta kama shi. Ban da haka, jikin inji na alminiyum ne, ƙarfe mai laushi. Idan babur ya faɗi, gara bol ya lanƙwashe da inji ya tsage. Bol kuɗi kaɗan ne, inji kuwa kuɗin shuka ne na shekara.

Noti ma yana da tasa lamba. Bol mai 8.8 yana tafiya da noti mai 8. Mai 10.9 yana tafiya da noti mai 10. Bol mai ƙarfi da noti mai laushi, aikin banza ne.

Idan Za A Je Kasuwa

Ko a Kazaure za a saya, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da tsohon bol a aljihu. A gwada abu uku: kauri, da tsawo, da tazarar tiredi. A haɗa tiredin tsoho da na sabo, su shiga juna ba tare da haske a tsakani ba. Wannan ya zama dole, domin bol mai milimita 10 kashi biyu ne, mai tiredi ƙanana da mai manya. Tsawo ma kada a raina shi. Gajere ba ya kama rami sosai. Dogo kuma yana tokarar ƙarshen rami, yana iya fasa inji.

A sani akwai jabu masu lambar ƙarya. Bol na ƙwarai, ban da lamba, yakan zo da alamar kamfanin da ya ƙera shi, rubutun kuma a fili yake. A sayi kaya wurin wanda aka sani. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wajen Ɗauri

A wanke rami daga ƙasa da yashi. A fara juya bol da yatsu. Idan ya cije tun farko, ba nasa ba ne, a fitar da shi. A sa washa. A ɗaure huɗun kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, har su zauna tare. A yi amfani da sifana daidai kansa. Kada a zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi, kada kuma a taka ta da ƙafa. Haka ake cinye tiredin inji.

Abu uku ba a yi. Ba a maye bol da ƙusa ko waya. Ba a miƙe bol da ya lanƙwashe a mayar da shi. Ba a kuma yi masa walda, domin da wuta aka ba shi ƙarfinsa a masana'anta, zafin walda kuma yana ɓata wannan ƙarfi.

Kowane mako, mai babur ya kama mataki da hannu ya girgiza, na gaba da na fasinja. Idan ya motsa, ko aka ga jar ƙura ta tsatsa a gindin bol, a gyara a ranar. Bol ɗaya ya faɗi, sauran ukun suna ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Rigakafi ya fi magani.

Makanike ya koya wa yaransa karanta waɗannan lambobi. Mai babur kuma ya tambaya, ya duba da idonsa kafin a ɗaura.

Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.