Alewar "Oganik": Zaƙi Dai Zaƙi Ne

An ce in yi magana kan kayan zaƙin da ake sayarwa da sunan "oganik", domin da yawanmu muna sana'ar alewa, gullisuwa, kantu da tuwon madara, kuma masu saye sun fara tambaya.

To, mece ce oganik ɗin? Ana nufin an noma abu ba da takin zamani ba, ba a kuma fesa masa maganin ƙwari na kamfani ba. Wannan zancen gona ne, kuma yana da amfaninsa. Amma fa rake, ko da takin shanu aka noma shi, in an matse ruwansa an dafa, suga ne zai fito. Jini ba ya tambayar wane taki aka zuba. Haƙorin yaro ma haka.

Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan leda nake fara dubawa. Ku ma ku gwada, ko ku ba yara su karanta muku. Akwai inda ake rubuta giram nawa na suga ke ciki, kuma giram 4 kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kamar cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Har zuma tana cikin wannan lissafin.

Na san wata za ta ce, "Ai mazarƙwaila ta gida ce." Haka ne, tana da ɗan sinadarin ƙarin jini da farin suga ba shi da shi, amma ɗan kaɗan ne, sauran duk zaƙi. Zuma ma kusan kashi 80 cikin 100 suga ce, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Ba banza aka ce zuma da zaƙi da harbi ba. Dabino ya fi alewa, tunda ɗan itace ne da ake ci yadda yake, duk da haka mai ciwon suga ya riƙa ƙirgawa.

Roƙona ɗaya ne. In mai ciwon suga ya tsaya gaban farantinki, kar ki ce masa wannan ba ya cutarwa don na gargajiya ne. Ribar naira ɗari ba ta kai lafiyarsa ba. Mu rage suga, mu ƙara riɗi da gyaɗa, mu ƙanƙanta yanka, mu rufe kaya saboda ƙuda da ƙura. Yara kuma su wanke baki kafin su kwanta.

In an san ƙungiyarmu da faɗin gaskiya, ciniki ba zai guje mu ba.