Kada Mu Zaunar da Tsofaffinmu: Laccar da Aka Gabatar a Filinge

 

An ce in yi magana a kan motsa jiki da tsufa cikin ƙoshin lafiya. Na san wani zai ce a ransa: mutumin ƙasar nan ta Kurfai za a koya wa motsa jiki? Da gaskiyarsa. Manomin da ya yini yana tura hauya a gonar hatsi, da makiyayin da ke bin shanu a wajajen Tukunus, da matar da ta yi daka, ta ja guga, ta ɗauko itace, duk sun zarce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema a shawarwarinta na 2020, wato minti 150 zuwa 300 a mako ga babba, minti 60 kullum ga yaro ɗan shekara 5 zuwa 17. Abin da ke damuna shi ne ranar da aikin nan ya tsaya cak.

Mutum ya haura 60, ƴaƴa sun kawo ƙarfi, wani yana aiki a Yamai, wani yana aiko kuɗi daga Abijan ko Kwatano. Sai su ce, "Baba, ka huta haka nan, ai ka yi naka." A karɓe hauya, a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ko Juma'a a kan babur za a kai shi. Ladabi ne, kuma Allah ya saka wa ƴaƴan da alheri. Amma tsoka ba ta san ladabi ba. Daga shekara 30 take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara 10, bayan 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, a matsakaici suka rasa kusan kilo 1 na naman ƙafa. Kwana goma kacal, jama'a.

Ku lura da yadda tsohon gidanku ke tashi daga tabarma. Bara da hannu ɗaya yake dafa ƙasa. Bana sai ya dafa da biyu, ya yi rarrafe zuwa bango, ya tsaya yana haki kafin ya laluba takalmi. Baɗi jika zai kira ya kama shi, salla ta koma a zaune. Daga nan sai wani dare ya zame a makewayi, ƙashin ƙugu ya karye, a nemi motar da za ta yi kimanin kilomita 180 da shi zuwa Yamai. Da yawa ba sa sake takawa. Sai mu ce tsufa ne. Tsufa na ciki, amma zaman da muka ɗora masa ya taimaka.

Ba tsofaffi kaɗai zama ke ci ba. Tun 1953 likita Jeremy Morris ya gano cewa direbobin bas na Landan, masu yini a zaune, sun fi kwandastocin da ke hawa da sauka kamuwa da ciwon zuciya. Irin direbobin nan muna da su: ma'aikacin ofis, mai shago a kasuwa, samarin fada masu shan shayi zagaye uku da sukari. Hawan jini da ciwon suga a nan suke samun wurin zama, ƙarshensu kan iya zama shanyewar ɓarin jiki.

Game da iyayenmu mata, kada a ji ni ba daidai ba. Ɗaukar kaya mai nauyi a ka da tsohon ciki, ko daka tun asuba ba abinci a ciki, wahala ce mai cin baya da gwiwa. Injin niƙa da famfo rahama ne, a ƙaro su. Sai dai idan amarya ta shigo gida, kada a ƙwace wa uwar miji komai. A bar mata awakinta, da ɓarar gyaɗa, da zuwa barka da gaisuwa da ƙafarta.

Ga wanda ya kai 65, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara abu guda: aƙalla kwana 3 a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka da tsayuwa daram, don kada ya faɗi. Wannan ba ya buƙatar ko dala. Ya zauna a kujera ya miƙe sau goma ba tare da dafawa ba. Ya riƙe bango ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya taka zuwa masallaci. Ruwa a nan Dallol Bosso ba shi da nisa, to a ba shi ɗan fegi a garka da ƙaramin bokiti. A watannin Afrilu da Mayu ya fita bayan asuba ko bayan la'asar, ya sha ruwa sosai. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya, a kai shi a auna jininsa.

Akwai kuma dattawan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, suka dawo cikin gari suna zaune daga safe har dare. Ina roƙon hukumomin gari da sarakunanmu su ware musu filin garka tun wannan rani. Ku kuma ƴaƴa, gobe da la'asar ku miƙa wa Baba sandarsa, ku taka tare da shi zuwa masallaci.