Dare Na Goma Sha Ɗaya: Haƙƙin Baligin Da Muke Kira Wawa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci bayinsa ya saɓa tsakanin harsunansu da kamanninsu da ɗabi'unsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.  Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Jiya karatunmu ya tsaya a aya ta 5 da ta 6 cikin Suratun Nisa'i, inda Ubangiji ya yi bayanin dukiyar wanda bai iya riƙonta ba da dukiyar maraya. Sai ga wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a kan ƙaninta, mai shekara 35. Ta ce tun yana ƙarami ba ya duban mutum a ido, ba ya tsayawa dogon gaisuwa, in ya shiga Kasuwar Dole ran Alhamis sai ya toshe kunnuwansa ya juyo gida. Amma ya sauke Alƙur'ani, rubutunsa a allo ya fi na kowa a gidan tsabta, kuma ladan bai taɓa riga shi ƙofar masallaci da asuba ba. Mahaifinsu ya rasu, yayyensa maza suka raba gida da gona, suka riƙe rabonsa, suka ce ai wawa ne. Yanzu kuma suna shawarar a yi masa aure ko ya warke. Tana tambaya: shin mahaukaci ne a shari'a? Ina hukuncin gadonsa? Ina hukuncin auren?

Kafin amsa, mu san wanda ake magana a kansa, domin babu unguwar da ba ta da irinsa. Shi ne mutumin da kullum hanya ɗaya yake bi, wuri ɗaya yake zama a sahu, in aka sauya masa ƙwaryar da ya saba sha da ita sai yininsa ya ɓaci. Ba ya gane habaici, ba ya gane zambo cikin yabo. In ka ce masa "ina zuwa", zai tsaya nan yana jiranka har rana ta faɗi, domin shi magana a wurinsa yadda aka faɗe ta haka take. Wani yana kaɗa jiki ko yatsu idan hankalinsa ya tashi. Wani yana maimaita kalma. Wani ba ya magana sam. Wani kuwa ya san abu guda sani mai zurfi, ko lissafi ko ɗinki ko gyaran rediyo, har ya gagari waɗanda ke yi masa dariya. Mu kuwa mun tanadar masa sunaye: wawa, gaula, dolo, taɓaɓɓe, ɗan ruwa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, a wasu gidajen rediyon Hausa kuma za ku ji ana cewa galahanga. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya siffanta shi a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara tun 2008. Abin da masana lafiya suka tabbatar shi ne, da shi ake haihuwar mutum, a ginin ƙwaƙwalwa yake, ba a ɗaukarsa daga wani, ba laifin uwa ba ne, kuma babu ƙwayar da ake haɗiya ya tafi. Masu shi mataki-mataki ne: akwai mai bukatar a kula da shi dare da rana, akwai mai sana'a da iyali. Wani abin lura, Turawa suna lissafa rashin duban ido cikin alamominsa, alhali mu nan yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi muke yaba wa da kunya. Mu a gaisuwa muke kama su. Wanda bai tsaya ya tambayi gajiya da gida da iyali da sanyi ba, mun gama yanke masa hukunci, ko mai girman kai ko marar hankali.

Kuma yaron nan yana girma. Ana tausaya masa yana ɗan shekara biyar, a manta cewa wata rana zai yi furfura, uwar da ta san abin da kukansa ke nufi ta riga shi kabari. A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, guragu da kutare suna da nasu, masu kai kukansu fada. A nan Damagaram kowa ya san asalin Kara-Kara, unguwar da aka keɓe kutare cikinta, kuma duk da zafin keɓewar, sun zauna tare sun san juna. Waɗannan bayin Allah kuwa ba su da sarki, ba su da unguwa, domin abin da ke tare da su ba ya bayyana a fata ko a ƙafa. Kowane ɗaya yana zauren gidansu shi kaɗai.

To, mahaukaci ne? Malamai sun ce abin da ke ɗora wa mutum shari'a shi ne balaga da hankali, hankali kuwa shi ne fahimtar magana da rarrabe abin da ke amfani da abin da ke cutarwa. Ba su ce iya gaisuwa ba, ba su ce iya zama a majalisa ba. Mutumin da ya san lokutan salla biyar, ya san alwala da niyya, ya san nasa da na wani, wannan mai hankali ne ko da bai taɓa duban idonka ba. Sallarsa salla ce, azuminsa azumi ne, rantsuwarsa tana hawa kansa. Wanda ya kira shi mahaukaci ya yi masa ƙarya, kuma ya auka cikin jifa da mummunan laƙabi da Suratul Hujurati ta hana. Wanda kuwa lamarinsa ya yi nauyi har bai san mene ne azumi ba, an ɗauke masa alƙalami, kada a tsare shi da yunwa da ƙishirwa a wannan zafi da sunan ibadar da ba a ɗora masa ba.

Sai maganar aljanu. Mun yi imani da samuwarsu, kuma addu'a da tofi da ayoyin Allah alheri ne ga kowane mai rai. Amma a ɗaure baligi da mari, a tsula masa bulala, a turara masa barkono, a ce da aljani ake, alhali fatar da ke tsagewa tasa ce, wannan zalunci ne, kuma za a tsaya gaban Allah a kansa. Wanda yake faɗuwa yana shure-shure, a kai shi asibiti, domin farfaɗiya takan haɗu da wannan hali, ita kuwa tana da magani.

Yanzu gado, kuma a nan nake son yayyen wannan bawan Allah su matso kusa da rediyo. Malamai sun ƙidaya abubuwan da ke hana gado, kamar kisan wanda za a gada da saɓanin addini. Ku duba Risala, ku duba Muhtasar na Shehu Halilu, ba za ku sami wauta a cikinsu ba, ba za ku sami ko hauka tuburan ba. Rabonsa nasa ne tun ranar da mahaifinku ya cika. Abin da ya rage shi ne, wa zai riƙe? Ma'anar ayoyin da muka karanta ita ce, wanda bai iya tattalin dukiya ba, ba a danƙa masa ita, amma daga cikinta ake ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Kuma an yi umarni a jarraba, in an ga shiriya a miƙa masa abinsa gaban shaidu. Shiriyar nan a mazhabar Imamu Malik ita ce iya tsare dukiya, ba wani abu ba. To, kun jarraba shi? Ku ba shi jaka biyar, ku ga yadda zai yi da ita wata guda. Na san da yawa cikin irinsu ba sa ɓatar da ko dala, sai dai mai wayon gidan ne ke ƙarar da gonar gado a kan babur da aure-aure. In ya tabbata ba zai iya ba, to ba ku ne za ku yanke ba kuna masu cin amfanin hukuncin. A je gaban alƙali, a naɗa waliyyi amintacce, a rubuta abin da yake nasa, a noma masa gonarsa, a ajiye masa damminsa, a fitar masa da zakka. Wanda ya haɗa rabon da nasa ya cinye, ya karanta aya ta 10 a wannan sura kafin ya kai loma bakinsa gobe da magariba.

Ku ji yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da mai irin wannan rauni. Akwai wani mutumin Madina, malaman hadisi suna cewa Habbanu ɗan Munƙizu ne, wasu suka ce mahaifinsa ne. Ya taɓa samun rauni a ka, harshensa ya yi nauyi, kullum ana cutarsa a ciniki. Danginsa suka zo suka nemi a hana shi saye da sayarwa. Annabi ya kira shi ya yi masa maganar, ya ce shi ba zai iya haƙura da kasuwa ba. Sai Annabi ya bar shi da kasuwarsa, ya koya masa kalmar da zai riƙa faɗa wa abokin ciniki, mai nuna ba ya yarda da yaudara, a wata ruwaya kuma ya ba shi zaɓin kwana uku ya mayar da abin da ya saya. Asalin hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Ku lura, nauyin ya koma kan ƴan kasuwa. Saboda haka mai shago da ɗan kabu-kabu da mai awo, in irin wannan ya miƙo maka kuɗi bai san taya ba, ka faɗa masa kuɗin gaskiya. Kai kuma mai sana'a, baduku ko tela ko maƙeri, in ya zo koyon aiki ka faɗa masa abu ɗaya-ɗaya a fili, ka bar shi a kusurwar da babu hayaniya, ka biya shi ladan da kake biyan saura.

Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa wata mace da ke da wani abu a hankalinta ta tare Annabi ta ce tana da bukata. Ya kira ta da alkunya, ya ce ta zaɓi hanyar da take so cikin hanyoyin Madina, ya tsaya da ita har ta gama faɗin abin da ke ranta. Ita ta zaɓi wurin, shi ya bi. Mu kuwa in ɗayansu ya fara magana, kafin ya kai rabi mun ƙarasa masa, ko mun juya ga ɗan'uwansa muna tambaya me yake nufi, shi yana tsaye.

Aure kuwa ba magani ba ne, kuma ƴar mutane ba asibiti ba ce. Amma wannan hali ba ya hana aure. A tambaye shi, shi da kansa, a fili ba da habaici ba, a ba shi lokaci ya amsa. In yana so kuma yana da abin riƙo, a nema masa, kamar yadda Annabi da kansa ya nema wa Julaibibu aure a gidan Ansar alhali mutane suna raina shi. Sai dai a gaya wa matar da waliyyinta halinsa tun kafin a kai goro: ba ya son taro, ba ya iya daɗin baki, ba ya ƙarya. Akwai macen da za ta ce ta ji ta gani. Wadda aka ɓoye wa kuwa an yaudare ta. In kuma ya ce ba ya so, a ƙyale shi, kuma iyaye ku ja kunnen yara masu tashe a wannan wata, kada su mai da ƙofarsa wurin wasan gwauro.

Abin ya fi tsanani ga mata. Yarinya mai wannan hali takan yi shiru, a ce kunya ce, a aurar da ita ba a tambaye ta ba. Ta shiga gidan yawa, ba ta gane habaicin kishiya, ba ta iya zaman biki, hayaniyar tsakar gida tana sa ta kulle ɗaki. Uwar miji ta ce raini ne. A sake ta, a sake aurar da ita, a sake sakinta, har ta yi aure uku babu wanda ya zauna ya tambaye ta abin da ke damunta. Shirun budurwa da shari'a ta ɗauka a matsayin yarda shi ne shirun wadda ta fahimci abin da aka tambaye ta. Kuma saboda tana gaskata duk abin da aka gaya mata, ita ce fasiƙai suka fi hari a hanyar rijiya da wurin talla. Waliyyai, ku tsare.

Saura mu ma'abota masallaci. Annabi yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hana sashensu ya cutar da sashe, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Yau masallatai uku a layi guda, kowanne ya ƙure lasifika daga tarawihi har tahajjudi. Akwai wanda wannan ƙara take sukarsa a kunne kamar allura, shi ya sa kuka daina ganinsa a sahu tun da wata ya kama. A rage ta ciki, a kashe ta waje bayan kiran salla. In ya saba da ƙarshen sahu kusa da ƙofa, a bar masa wurin. In yana motsa jiki ba da nufi ba, sallarsa ba ta ɓaci ba, kada wani dattijo ya daka masa tsawa bayan sallama.

Lokaci ya cim mana. Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗora daga aya ta 11, rabon ƴaƴa da iyaye. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.