Hanyar Illela da Haƙƙin Amini



Ranar Juma'a da asuba na bar Kano domin ɗaurin auren aminina a Illela. Muka bi ta Funtuwa da Gusau, gabanmu na faɗuwa har muka wuce Talata Mafara. Daga Sakkwato kuwa, ta Kware da Gwadabawa, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma shingayen bincike suka cinye mana yammaci.

Na isa ƙafafuna a kumbure. Washegari da na ga dangin amarya sun tsallako iyaka daga Birnin Ƙonni, na tuna rufe iyakar da aka yi a 2023, wanda ya raba 'yan uwa wata da watanni, sai gajiyar ta sake ni. Ango ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam, ka zo?"