Littafin Bashi Ya Zauna a Hannun Mai Shi: Jawabin Ofishin Sakatare a Taron Cikar Shekara



An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan kwamfuta. Mun san wasu za su ce me ya haɗa mai buhun wake da wannan zance. Abin da ya haɗa su shi ne littafin bashi. Kusan duk wanda ke zaune a nan yana bin wani kuɗi a wancan gefen iyaka, ko ana bin sa. A da, littafin yana cikin akwati ƙarƙashin gado. Yau yawancinmu yara ne ke riƙe mana shi a kwamfuta ko a waya, kuma ba mu cika tambayar a hannun wa mabuɗin yake ba.

Mu ma a ofis ba mu tambaya ba sai da muka sha wuya. Kwamfutar da muke rubuta kuɗin wata da sunayen membobi 'yar Beljiyam ce, mai gyara ya zuba mata manhajojin sata kamar yadda aka saba. Wata safiya ta ƙi buɗe takardunmu, duk sunayen fayil sun rikiɗe. Cuta ce ta shigo ta cikin abin da aka fasa lasisin da shi. Sai da muka yi mako biyu muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya kafin lissafi ya dawo, kuma har yau akwai dattijon da ke cewa ya biya watanni ukun da ba mu ga shaidarsu ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Wannan ne ya kai mu ga abin da muke son gabatar muku.

Akwai manhajoji da ake kira masu 'yanci. 'Yan'uwanmu na Nijar za su fi saurin gane bambancin, domin Faransanci ya raba kalmar “libre” da “gratuit”, alhali Turancin Ingilishi ya haɗa su a kalma ɗaya. Kyauta daban, 'yanci daban. Manhajar lissafi da aka ba ka kyauta a waya, amma sunayen abokan cinikinka da bashinsu suna ajiye a kwamfutar kamfanin a wata ƙasa, wannan aro ne. Ranar da kamfanin ya rufe, ko ya ce sai an biya, littafinka ya tafi tare da shi. Ita mai 'yanci kuwa lasisinta ya ba ka dama ka yi aiki da ita yadda kake so, ka kwafa wa maƙwabcinka ba tare da ka ci haƙƙin kowa ba, sannan wanda ya san aikin ya buɗe cikinta ya duba, ya gyara, ya raba gyaran. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya fara wannan tafiya a 1983. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Duk mai wayar Android a aljihunsa, a kan Linux ɗin nan aka gina ta, ko da bai taɓa jin sunan ba.

Wadda ta fi shafar ɗan kasuwa ita ce LibreOffice, wadda ta fito a 2010, wata gidauniya a Jamus ke kula da ita. A cikinta akwai Writer na rubuta wasiƙa da takardar kaya, da Calc na jadawalin lissafi. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana mayar da rasit zuwa PDF a tura wa abokin ciniki ta WhatsApp, tana magana da Faransanci da Ingilishi, kuma ba ta buƙatar intanet. Wanda ya taɓa kwana a Ɗan Isa ko Magama yana jiran takarda, waya ba sabis, ya san darajar wannan.

Bari mu tsaya kaɗan a kan canji, tunda nan ne ribarmu ke zubewa. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa, tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba da albasa bashi da naira ya je sayen wata da sefa ya ga yadda uwar kuɗi ke narkewa. A jadawalin da muka tsara a Calc, farashin canji na ranar yana cikin gida ɗaya tak. Ka kira ɗan canji, ka sauya wannan lamba, nan take kuɗin mota, da na duwan, da la'adar dillali, da ladan 'yan dako duk su fito a kuɗin ƙasashen biyu, ka ga ko buhun zai fitar da kai kafin ka ɗora shi a mota. Ba wai Excel ba ta iya wannan ba, ta iya sarai. Amma ta halal ɗin kuɗi ake biya, mai tafiya da kuɗin shekara kuma idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, sai dai ka kalli takardarka, ba ka iya gyara ta.

Gargaɗi ɗaya a nan, domin ya taɓa rikita mu. Faransanci yana sa waƙafi a inda Ingilishi ke sa ɗigo. Abin da yaron Kano zai rubuta 655.957, na Maraɗi 655,957 zai rubuta. Idan ba a daidaita harshen manhajar ba, sai kwamfuta ta ɗauki ɗari shida a matsayin dubu ɗari shida. Duk masu hulɗa da juna su zauna su yarda da tsari ɗaya.

Sai batun tsofaffin kwamfutoci. Kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, kuma da yawa daga cikin 'yan Beljiyam ɗin da ke shagunanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ba dole ne a jefar da su ba. Tamu ta ofis mun sa mata Linux Mint, tana aiki, har ta fi da sauri. Masu ganin wannan kayan talaka ne su sani jandarmomin Faransa sun koma Ubuntu tun wajen 2008, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice. Ba rashin kuɗi ya kai su ba, so suke takardunsu su zauna a hannunsu.

Ba za mu ɓoye muku wahalarta ba. Watan farko yaranmu sun yi ta gunaguni, maɓallan ba a inda suka saba suke ba. Takardar Word mai ado da yawa wani lokaci takan ɗan karkace idan an buɗe ta. Akwai firintar da ta ba mu ciwon kai. Masu gyara da suka san Linux ba su da yawa a garuruwanmu, kuma babu ofishin da za ka je ka yi faɗa idan abu ya lalace. Saboda haka shawararmu kada kowa ya goge Windows ɗinsa yau. A fara da sa LibreOffice a kai, a cire ta satar, a yi wata uku. Masu babban ciniki da ke son cikakken lissafin shiga da fita a kuɗi iri biyu su gwada GnuCash, amma ita sai da mai koyarwa. Kuma ko wace manhaja ce, ba ta hana ɓarawo ɗauke kwamfuta ko ruwa ya shiga shago. A riƙa kwafe littafin a filas duk Juma'a, a ajiye shi a gida.

Hajiyoyinmu masu atamfa da kayan ɗaki sun tambaye mu ko akwai abin da ya shafe su, tunda da waya suke aiki. Akwai Collabora Office, 'yar gidan LibreOffice ce da ke aiki a Android, tana buɗe wannan jadawali. Allon waya ƙarami ne, shigar da lissafi mai yawa a kansa akwai gajiya, amma don duba wa ya biya wa ya rage, ta wadatar.

Mun kwafi manhajojin da jadawalin canjin a filas guda biyar, kuma a wannan karon kwafin halal ne. Biyu za su tafi da wakilan Nijar yau. Wanda ke so a sa masa, ya turo yaronsa da kwamfutar ofis ranar Asabar bayan azahar, amma ya fara kwafe takardunsa a wani wuri kafin ya kawo.